Na je koyon Sifaniyanci, na tarar da aya a Balensiya

Iyayena mata na asusu. Ni ce ɗiyarku da kuka ba rancen jika ɗari da hamsin a farkon shekarar 2023, ranar da Inna ta tashi tsaye a taro ta ce an zaɓe ni cikin musayar ɗalibai, zan je ƙasar Sifaniya in yi wata biyar ina koyon harshensu. Masu musayar sun ɗauki kuɗin jirgi da na ɗaki da na ci. Amma fasfo da biza da motar Yamai da rigar sanyi, duka a kanmu suke. Ban manta ba, wasu cikinku sun ce kuɗin asusu na sana'a ne, kuma harshe ba ya haihuwa kamar akuya. Ƙanen babana ma ya ce ɗiya mace ba ta ƙetare teku ita kaɗai. Duk da haka aka buɗe akwati, masu makulli uku suka juya makullansu, aka ƙirga mini. Don haka bashin labari ma yana kaina.

Daga Belbeji na sauka Damagaram, daga nan babbar mota ta kwashe mu kusan kilomita 900 zuwa Yamai. Jirgi ya tsaya Kasablanka ta Maroko, kashegari sai ga ni a Balensiya cikin watan Fabarairu. Gari ne na bakin teku, na uku a girma a ƙasar, bayan Madrid da Barsalona. Sanyinsu yana da laima, yana shiga ƙashi, ba irin hunturunmu mai ƙura da faso ba. Abin da ya fara ɗaure mini kai itacen lemu ne jere a bakin titi, ƴaƴa na faɗuwa ƙasa ba mai ɗauka. Na ce a raina, kai, wannan almubazzaranci! Sai da na ɓare guda na gane dalili: ɗaci gare shi, na ado ne.

Jami'ar garin tsohuwa ce, tun 1499 aka kafa ta. A ajinmu akwai ƴan Italiya da Jamus da Sin da Maroko, ni kaɗai ce baƙar fata. Na tafi da ƙarfin gwiwa don na iya Faransanci, kuma harsunan biyu ƴan uwa ne. To, ɗan uwa ma yana yaudara. Sati na farko na shiga shagon burodi na ce a ba ni "gato", kamar yadda muke cewa a gida. Mai shagon ta dube ni, ta yi dariya har da riƙe ciki, don a Sifaniyanci "gato" kyanwa ce. Haka "salir", da muka sani a lakkol da ma'anar ɓata abu da dauɗa, a can ma'anarta fita waje. Ga kuma allunan titi da harshe biyu, don mutanen yankin suna da nasu, Balensiyanci, suna kuma kishinsa kamar yadda Buzu yake kishin Tamajak. Wata guda na yi ina komawa ɗaki da ciwon kai. Akwai daren da na kira Inna ina kuka na ce zan dawo. Ta ce: "Ki dawo ki ce wa mata me? Ki share hawayenki ki buɗe littafi."

Abin da ya kwance mini harshe, kalmomin da na tarar na riga na san su ne. Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar kusan shekara 800, daga 711 zuwa 1492, kuma Larabci ya bar sawunsa. Sukari "azúcar" ne. Zaitun "aceituna". Magajin gari "alcalde", asalinsa ɗaya da alƙalinmu. In suna fatan abu ya yiwu sai su ce "ojalá", wadda ta fito daga ambaton nufin Allah, ko da mai faɗinta bai sani ba. Ranar da na gaya wa malamarmu yadda muke faɗin waɗannan da Hausa, ta sa na rubuta su a allo. Daga ranar na daina zama kujerar baya.

A tsakiyar Maris suna da wani biki, Fallas, wanda unguwanni ke kashe kuɗi shekara guda suna gina manyan mutum-mutumi, daren 19 ga wata su cinna musu wuta. Na yi kallo, na kasa daina lissafin buhun hatsi nawa ne ke ci da wuta. Kwana kaɗan bayan haka azumi ya kama, na yi shi da ƴan Maroko, muna buɗe baki da miyarsu ta harira, ni kuwa raina na kan furar gero da nono.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da zafi ya fara, wata ƴar ajinmu ta ce lalle sai na ɗanɗana abin shan da garin ke alfahari da shi, "horchata". Muka shiga jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Alboraya, wani ƙaramin gari a arewa da Balensiya, gonaki kewaye da shi. Aka kawo mana abu fari mai sanyi a dogon kofi, da wani siririn burodi mai zaƙi da ake tsomawa. Na kurɓa sau ɗaya na ajiye kofin. Iyayena, wallahi kunun aya ne! Ayar nan da muke taunawa a kasuwa, su "chufa" suke ce mata. Jiƙawa suke, su markaɗa, su tace, su sa sukari, kamar dai yadda kuke yi. Kofin nan Yuro uku na biya. Yuro guda sefa 656 ne, kenan kusan jika biyu a kan abin da muke ƙullawa a leda mu sayar dala goma.

Na koma Alboraya sau uku, kuma a nan ne Sifaniyancina ya yi amfani, don na zauna da wani dattijo manomi na yi masa tambayoyi da kaina. Suna shuka aya a Afrilu da Mayu, su tone ta daga Nuwamba. Sai a wanke, a shanya a ɗakuna masu iska wajen wata uku ana juyawa, a tsince tsakuwa da ruɓaɓɓiya, a ware manya da ƙanana. Tasu tana da hatimi da ke nuna ta Balensiya ce, kuma hatimin nan na ƙara mata daraja. Da na ce masa daga Nijar nake, sai ya ɗaga gira ya ce ya san sunan daga jikin buhu. Ashe Sifaniya tana sayen aya daga Nijar da Burkina Faso da Mali, kuma yawancin tamu daga jihar Maraɗi take fitowa. Mu muke noma, mu muke tonowa cikin rana, amma ribar wanki da tsincewa da suna tana can.

Ba zan ce muku mu shuka aya a Belbeji ba. Ruwan saman Damargu kun san shi, hatsi da wake ma sai da addu'a. Amma da yawa cikinku kuna sayen aya kuna yin kunu. Abin da na gani shi ne mai saye yana biyan tsabta da sanyi da ɗanɗano iri ɗaya kullum. In mata biyar suka haɗa rance suka sayi buhu lokacin kaka, aka tsince, aka auna sukari da mudu ɗaya, aka zuba a gora mai murfi maimakon leda, ina ganin ya cancanci gwaji ranar kasuwa.

Abu na ƙarshe da ya tuna mini da ku: kowace Alhamis da tsakar rana, a ƙofar babban cocin garin, manoma takwas sanye da baƙaƙen riguna suna zama su yi shari'ar ruwan ban-gona. Wanda ya sha ruwa ba ranarsa ba, a kira shi, a ji ta bakinsa, a yanke masa tara nan take, ba lauya ba takarda. UNESCO ta sa wannan zama cikin gadon duniya a 2009, baƙi na cika wurin suna ɗaukar hoto. Ni ina tsaye ina ganin taronmu na gindin bishiya, da tarar mai latti. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu ƙasashe da yawa, mu ma muna da abin nunawa.

Na dawo a ƙarshen Yuni. Daga kuɗin cin da nake tsimi na biya jika ɗari tun saukata, kamar yadda ma'ajiya ta rubuta. Saura jika hamsin da ribarsu, ina tara su daga ƴan makarantar da nake koya wa darasi da yamma a Damagaram, kuma zan cika kafin rabon asusu in Allah ya yarda. Na zo da kilo guda na ayar Alboraya. Ranar taro Inna za ta kawo ta, a ajiye ta kusa da tamu, ku tauna ku faɗa mini wadda ta fi.