Sallar Waɗanda Ba Su Tafi Gida Ba

  

Duk wanda ya zauna a kudu ya san yadda unguwanninmu suke komawa idan Sallah ta matso. Saura kwana uku ko huɗu sai ka ga tasha ta cika maƙil, an lafta kaya a saman motoci, kowa ka tambaya sai ya ce maka gida za shi. Mai shayi ya kife tebur, ɗan acaba ya jingine babur, mai gadi ya nemi wanda zai riƙe masa ƙofa. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, to su wa aka bari? A nan Sabo ta Ibadan amsar a fili take, tsofaffi ne. Wasu ƙarfin zaman mota ya ƙare musu, wasu kuma ko sun je babu wanda za su tarar, domin sa'o'insu sun rasu, gidan da aka haife su an raba gado an sayar. A kansu nake son yin magana yau, da kuma wani ɗan wuri da muke da shi a layinmu inda suke wuni.

Kafin nan bari in ɗan koma baya. An kafa Sabo a 1916, bayan jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901 ya kuma kai Kano a 1911, goro na tafiya arewa, shanu na gangarowa kudu. Wani Bature masani mai suna Abner Cohen ya zauna cikin kakanninmu yana nazari, har ya fitar da littafi a kansu a 1969, kuma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne tsarin mai gida. Mai gida shi ke saukar da fatake, ya ciyar da su, ya adana musu kaya da kuɗi, dillalansa su sayar. Irin wannan gida ba ya rabuwa da mutane. Ko dattijo ya tsufa ya bar fita, shimfiɗarsa tana zaure, baƙi na shiga suna fita, akushi na zuwa yana komawa. A cikin gida kuma tukunya ba ta sauka daga murhu, tsohuwa tana zaune kan tabarma tana ba da umarni.

Yau fa? Ciniki ya koma waya, kuɗi ya koma banki, manyan gidajen nan an yanka su ɗaki-ɗaki an ba da haya. 'Ya'ya suna Legas, suna Abuja, waɗanda ke kusa kuma tun asuba sun fita sai bayan isha. Tsohonmu bai rasa tuwo ba, alhamdu lillahi, abin da ya rasa shi ne wanda zai yi wa magana tsakanin hantsi da la'asar. Maza ma da sauƙi, suna da masallaci da ƙofar gida. Mata su ne abin tausayi.

A gidanmu na ga wannan. Gwaggona, yayar mahaifina, a jirgin ƙasa aka kawo ta amarya daga ƙasar Katsina, ta yi sama da shekara hamsin tana tuwon sayarwa, babu dillalin goron da bai ci tuwonta ba. Da mijinta ya rasu, gwiwa kuma ta hana ta tsayuwa a murhu, sai ta koma ɗaki. Matar da a da daga bakin titi kake jin muryarta, ta zama sai ka gaishe ta sau biyu kafin ta amsa. Wata rana na kai mata maganin hawan jini, ta karɓa ta ajiye ta ce, "Ɗan nan, magani kuna kawowa, Allah Ya yi albarka. Amma yau tun safe kai ne mutum na farko da na buɗe baki na yi wa magana." Na ce, "Gwaggo, ai ga yara nan a tsakar gida." Ta ce, "Yara suna da wayarsu."

Wurin da nake magana ba shi da suna, ba shi da allo a ƙofa. Zauren wani tsohon mai gida ne da ɗakuna biyu da a da ake jibge huhunan goro, magada suka ba da aro. Wata malamar asibiti da ta yi ritaya ita ta fara tara mutane, matan adashi suka ɗauki girki, samarin masallaci suka ɗauki kai da ɗauko a Keke Napep. Kwana uku ake buɗewa a mako, daga hantsi zuwa bayan la'asar, maza a zaure, mata a ciki. Masu zuwa ba su fi ashirin ba.

Idan sun iso, gaisuwa kaɗai sai ta ci rabin awa, rabi da Hausa rabi da Yarbanci, don da yawa daga cikinsu a nan aka haife su. A sha koko da ƙosai, malama ta auna jinin kowa, masu ciwon sukari a duba su, ta kuma tambayi wanda ya sha magani da wanda ya ɓoye a ƙarƙashin matashi. Daga nan kowa ya kama abin da ya iya. Wasu tilawa, wasu dara, wani tsohon ɗinkin hula har yanzu yana iya zura zare ba tabarau. Mata suna ɓarar agushi, suna tsinkar zogale, suna gardama a kan tuwon shinkafa da amala wanne ya fi riƙe ciki. Babu wanda ake tilasta wa komai, wanda barci ya ɗauka a gyara masa matashi.

Amma lokacin bukukuwa ne wurin yake nuna amfaninsa sosai. Da azumi sai a juya lokaci, a buɗe bayan la'asar a sha ruwa tare, kunun tsamiya da ƙosai da lemo. Malama da liman kan zauna da masu ciwon sukari su yi musu bayanin sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya da tsoho, domin wasunsu ko za su faɗi ba za su yarda su sha ba sai sun ji daga bakin malami. Idan azumi ya kai goma yaran unguwa su zo tashe, kuma a nan ne kaɗai na ga 'yan tashe suna shan gyara, don tsofaffi ba sa barin a ɓata musu wasan da suka yi tun suna yara.

Ana jibi Sallah ranar lalle ce. 'Yan mata su zo da kwaɓaɓɓen lalle da leda, a ɗaure wa tsofaffi ƙafa, a yi tsifa a yi kitso. Ranar Sallah samari su kwashi masu ƙarfi zuwa filin Idi, a dawo a ci tuwo tare. Da yamma a kunna musu hawan Sallah na Kano ko Katsina ko Zariya a waya, su yi ta nuna hakimai suna faɗin sunayen iyayensu. Sai kuma layin kira ta WhatsApp, kowa a nemo masa ɗansa ko jikansa ya gan shi ido da ido.

Babbar Sallah, wadda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira Ileya, ita ce ta koya mana wani abu. Kowa na aiko wa tsofaffi soyayyen nama, alhali yawancinsu ba haƙori, sai su ƙulle a leda su ba jikoki. Yanzu kason tsofaffi dambu ake yi musu, ko farfesu da ya dahu luguf. Ana kuma ajiye wutsiyar rago har daren cika-ciki a watan Muharram, a dafa a ci, taubasai su yi ta bin juna kuɗin shara kamar yara. Da Maulidi kuwa, da yake Sabo tun da can matattarar 'yan Tijjaniyya ce, sai ka ji tsohon da ya manta sunan jikansa yana jan Ishiriniya ba tuntuɓe. Gwaggona ita ce shugabar ɗanɗana miya a duk waɗannan ranaku, kuma muryarta ta dawo har bakin titi.

Na san akwai masu cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce, kuma abin kunya ne mutum ya kai iyayensa wani wuri. Da farko ma wasu gidajen sun hana tsofaffinsu zuwa saboda gudun bakin mutane. Ni dai abin da zan ce, wuni daban, kwana daban. Kowane tsoho a ɗakinsa yake kwana, cikin iyalinsa, ba a raba shi da kowa ba. Kuma ko a Amurka, cikin waɗanda suka fara wannan tsari akwai baƙi 'yan ci-rani irinmu. A birnin San Faransisko, a 1971, wani likitan haƙori William Gee da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a Marie-Louise Ansak suka kafa ƙungiyar On Lok saboda tsofaffin 'yan Caina da Filifin da Italiya da ba sa son a kai su gidan tsofaffi, inda ba a jin yarensu ba a dafa abincinsu. A 1973 suka buɗe wurin wuni, a 1997 kuma gwamnatin ƙasar ta shigar da tsarin cikin dokar inshorar lafiyar tsofaffi. Wato damuwarsu irin tamu ce, mutum ya tsufa a garin da ba a nan aka binne cibiyarsa ba.

A nan gida ma an fara motsi. Asibitin koyarwa na UCH da ke Ibadan ya buɗe cibiyar lafiyar tsofaffi a 2012, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya sa hannu a dokar kafa cibiyar dattawa ta ƙasa a farkon 2018. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 1 ga Oktoba a matsayin ranar tsofaffi, ranar da muke bikin samun 'yancin kai. Duk wannan madalla, amma likita magani zai rubuta, hira kuwa aikin 'yan unguwa ne.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wahala. Wani watan kuɗin gawayi ma sai an yi karo-karo. Ban-ɗakin bai dace da mai ciwon gwiwa ba. Masu gigin tsufa suna buƙatar mai haƙuri da zai tsaya a kansu, sannan har yanzu muna fama da masu yi musu kallon mayu, alhali ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Sai kuma rasuwa, domin kusan kowace Sallah akwai tabarmar da ake naɗewa. Amma ko a nan akwai abin godiya, tsoho ba ya kwana biyu yana jinya ba a sani ba, da an ga bai zo ba za a tura yaro.

Saboda haka 'yan uwa na Agege da Idi Araba, na Sabo Sagamu da Abeokuta, na Ama Hausa a Owerri da na Fatakwal, ku duba unguwanninku kafin Sallah mai zuwa. Ba sai an jira gini ba. Zaure ɗaya, tabarmi, na'urar auna jini, da mutum biyu masu riƙon amana sun isa a fara, ko da rana ɗaya ce a mako. Ku fara da ƙirga tsofaffin mata da ke cikin ɗakuna, za ku yi mamakin yawansu. Da yawanmu cewa muke za mu koma gida idan mun tsufa, su ma haka suka ce.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon kyautata wa waɗanda suka rage, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin. Wassalam.