Ɗakin Kurkuku a Gidan Tarihin Shugaban Ƙasa

Da yawa daga cikinmu nan Sabo mun sha wucewa ta Oke-Mosan, mu hangi katafaren ginin da Cif Olusegun Obasanjo ya kafa don adana tarihin mulkinsa, amma ba mu taɓa sa ƙafa ciki ba. Wasu su ce ai wurin 'yan boko ne, wasu su ce ina ruwan mai sayar da goro da kayan tarihi. To mu dai, malaman Islamiyya da manyan ɗalibanmu, mun leƙa a hutun nan, kuma mun ga abin da ya kamata mu faɗa wa juna.

An buɗe wurin a watan Maris na 2017, lokacin da mai shi ke cika shekara 80. Ga motocin da ya hau, ga kyaututtukan da aka ba shi, ga hotuna na zamanin soja da na farar hula. Yara dai motocin suka fi ɗauke musu hankali. Mu kuwa wani ɗan ƙaramin ɗaki ne ya tsayar da mu: kwatankwacin wanda aka tsare shi a kurkukun Yola.

Ku duba lissafin nan. A ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Janar Murtala Muhammad, mulki ya faɗo hannun mataimakinsa Obasanjo. A 1979 ya miƙa wa Alhaji Shehu Shagari, ya koma gona. A 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ɗaure shi bisa zargin yunƙurin juyin mulki, tare da tsohon mataimakinsa, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa. Zargi ɗaya, ɗauri ɗaya, amma 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997. Abacha ya rasu a Yunin 1998, aka saki Obasanjo. Wata guda bayan haka Cif Abiola, shi ma ɗan Abeokuta, ya rasu a tsare. Kafin shekara ta zagayo, ranar 29 ga Mayu 1999, fursunan Yola ya sha rantsuwar shugabancin Najeriya.

Wane boka ne zai iya tsara wannan? Wani ɗalibinmu ya ce, "Malam, sai ka ce ƙissar Annabi Yusufu!" Muka ce a'a, ba a haɗa ɗan siyasa da Annabi. Amma Wanda ya fitar da Annabi Yusufu (AS) daga kurkuku ya damƙa masa taskokin Masar, Shi ne dai ke jujjuya al'amura har gobe. Mai ɗauri da wanda aka ɗaure, duk a hannunSa suke.

Sai dai akwai abin da ya fi wannan nauyi. Gidan tarihi zaɓe ne: mutum ya tsinci abin da yake so a tuna shi da shi, ya sa a gilashi. Ba laifi ba ne, kowa ya samu dama haka zai yi. Mu da muka rayu a shekarun nan muna tuna zuwan wayar salula a 2001 da yafe wa ƙasa bashi a 2005. Muna kuma tuna Odi da Zaki Biyam, da rikicin Shagamu na Yulin 1999 da ya ci 'yan'uwanmu da maƙwabtanmu. An rataya hotonsu ko ba a rataya ba, akwai littafin da ba mai shi ke zaɓar abin da za a sa ba. Mala'iku biyu ke rubuta shi, ba sa tsallake komai, kuma kowa zai karanta nasa.

Wannan fa ba ta shugabannin ƙasa kaɗai ba ce. Mai riƙe da kuɗin masallaci, shugaban 'yan kara, mai sasanta rigima a fadar Sarkin Hausawa, maigida a cikin iyalinsa, kowannenmu kiwo aka ba shi, kuma za a tambaye shi. Kujerar ƙarama ce, amma aro ce kamar babbar.

Wanda ya samu hali, ya kai 'ya'yansa su gani. In sun gama kallon motoci, a tsayar da su a ƙofar ɗan ɗakin nan. Allah Ya sa mu karɓi littattafanmu da hannun dama. Amin.