Tsakanin Allo, Tukunya Da Jan Biro

Masu kallon finafinai sun san cewa ba a gama ɗaukar fim yau a kai shi kasuwa gobe. Sai an miƙa shi ga mai tacewa, ya kulle kansa a ɗaki kwana da kwanaki, ya yanke wannan fitowa, ya haɗa waccan, ya daidaita murya da hoto. Ana biyan sa, kuma sunansa yana fitowa a jikin fim ɗin. To shi littafin Hausa yawanci bai samu wannan gata ba. Mai gyaran littafi a wurinmu ko dai shi marubucin ne da kansa, ko wani abokinsa ɗan jarida, ko wata malamar makaranta da aka san tana da jan biro. Aikin kyauta ne, kuma a ragowar lokaci ake yin sa. Ni ma ina cikin irin waɗannan malamai.

Hausa nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a nan Kano, ina da aure da 'ya'ya huɗu. Wata tsohuwar ɗalibata ce ta kawo mini aikin da ke hannuna yanzu. Labari ne da ta yi kusan shekara tana sakin sa shafi-shafi a WhatsApp, har masu karatunta suka matsa mata a kan lallai ta buga shi. Da aka fitar da shi a takarda sai ya tashi shafi 412. Ta ajiye mini shi a leda ta ce, "Malama, ɗan dubawa kawai za ki yi mini, sati biyu ma ya isa." Yau muna cikin wata na biyar.

Mai karatu zai ce wace irin nawa ce haka? To bari in faɗa maka yadda ranata take. Daga sallar asuba sai kicin, sai wankan ƙanana, sai neman takalmin makaranta da kullum ƙafa ɗaya ke ɓata. Bakwai da rabi ina cikin adaidaita sahu. In na dawo wajen biyu da rabi akwai abincin rana, akwai korar yara Islamiyya, kafin ka ce me an kira magariba, ga tuwon dare. Lokacin da ya rage nawa na kaina shi ne bayan isha'i, in yara sun kwanta, in kuma akwai wuta. In babu, fitilar caji ce, ita ma takan kai ni shafi goma ta fara lumshe ido kafin ni in lumshe nawa. Ban sa biki da suna da ta'aziyya da dubiya a lissafi ba. Waɗannan ba a ba su uzuri. Mace ta ce ba za ta je sunan 'yar ƙanwar mijinta ba saboda tana gyaran littafi? Ai kafin yamma labari ya zagaye dangi cewa boko ya hau mata kai.

Abin da zama da wannan leda ya nuna mini shi ne gyara iri biyu ne, kuma kowanne da irin lokacin da yake ci.

Akwai ƙaramin gyara, wato na ƙa'idojin rubutu. Wannan kamar tsintar shinkafa ne, ana iya yin sa ana hira. Nakan ɗebi shafi ashirin in sa a jaka, in duba a ofishin malamai tsakanin darasi da darasi, ko a layin asibiti, ko ina jiran wake ya nuna. Yawancinsa raba kalma ne da haɗe ta: "yazo" ya koma "ya zo", "zata" ya koma "za ta", "gidan su" ya koma "gidansu". Sai kuma baƙaƙe masu ƙugiya, waɗanda masu rubutu a waya suka yi wa saki uku. Wasu na ganin wannan tsirfar malaman Hausa ce kawai. To ga misali daga cikin littafin nan. Ta rubuta cewa mijin tauraruwar "ya bata kudi masu yawa". Ya ba ta kuɗi ne, ko ya ɓata kuɗi? A na farko mutumin kirki ne, a na biyu almubazzari, kuma rigimar babin gaba ɗaya a kan halinsa take. Sai da na kira ta a waya kafin na san wanne take nufi. Haka "baki" da "baƙi", "kafa" da "ƙafa", "dauri" da "ɗauri". Ƙugiya ɗaya tana iya raba aure a cikin labari.

Sai babban gyara, na shi kansa labarin. Wannan kam ba ya yarda da guntun lokaci ko kaɗan. Dole littafin duka ya zauna a kanka lokaci guda, ka san wa ya ce me a babi na uku, don ka kama shi in ya canza magana a babi na ashirin. In na yi kwana uku ban taɓa shi ba, sai zaren ya kufce, in koma baya in sake karanta abin da na riga na wuce. Don haka na ware masa safiyar Asabar da Lahadi, daga takwas zuwa sha biyu, lokacin da yara ke hadda. Na kuma sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, kowane mutum a labarin na ba shi shafinsa: sunansa, shekarunsa, danginsa, motarsa, ranar da ya shigo da ranar da ya fita. A nan na gano tauraruwar ta samu ciki ana azumi, aka yi ƙaramar sallah, aka yi babba, aka sake kama wani azumin, baiwar Allah ba ta haihu ba. A nan kuma na ga kawun da aka yi wa sadakar bakwai a babi na shida ya dawo a babi na 23 ya karɓi waliccin aure, lafiyarsa ƙalau.

Ban ga laifinta ba. Wanda ke rubuta shafi ɗaya kullum da dare, masu karatu na jiran sa da safe, ba shi da halin waiwaye. Kuma ba yau aka fara ba. A shekarun 1980 da 1990, lokacin da su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Ahmed Funtuwa suka cika kasuwa da littattafai, marubuci shi ne mai rubutu, shi ne mai gyara, shi ke biyan maɗaba'a, shi ke bin 'yan kasuwa bashi. Da yawa sukan buga littafi na ɗaya, in kuɗinsa ya dawo a buga na biyu da na uku. Abin da ya riga ya fita kuwa ya fita, ba ya gyaruwa. Da aka yi ta muhawara a jaridu kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, kurakuran rubutu na cikin abin da aka fi yi wa marubutan gori da shi. Ni dai a ganina ba basira suka rasa ba, wanda zai zauna musu a kan rubutun suka rasa.

Wani lokaci in ina fama da barci a kan takardun nan sai in tuna Abubakar Imam. Shi ma malamin makaranta ne a Midil ta Katsina sa'ad da ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja. Amma da aka so ya rubuta Magana Jari Ce, a 1936 sai aka ɗauke shi daga aji aka kai shi Zariya na wata shida, ga Rupert East a kusa da shi yana duba abin da yake rubutawa. Ba allo, ba maki, ba rajistar ɗalibai. Muna yabon littafin har gobe, kuma ya cancanci yabo, sai dai ba mu cika tuna cewa an saya masa lokaci ba ne. Wata shida! Ni da za a ba ni sati biyu cur, da tuni ledar nan ta koma gidan mai ita.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan babi na 14. A nan mahaifiyar tauraruwar ta kwanta ciwo ta rasu, kuma marubuciyar ta ba abin shafi 41. Tun daga ranar da aka kai ta asibiti, da sunan kowane magani, da wanda ya zo dubiya da abin da ya riƙo, har zuwa wankan gawa. Rubutun yana da kyau, wallahi ya fi ko'ina kyau a littafin. Amma labarin ya tsaya cak. Mijin da aka bari yana shirin ƙara aure a babi na 13, ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai bayan shafi arba'in. Na karanta babin sau uku a Asabar uku, na ja layi, na rubuta a gefe cewa a mai da shi shafi takwas.

Ranar da ta zo karɓar rabin farko, ina yanka alayyahu a tsakar gida. Ta zauna a tabarma tana buɗawa tana dariyar kawun da ya tashi daga kabari. Da ta iso babi na 14 sai dariyar ta ɗauke. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Malama, wannan fa Ummata ce. Duk abin da ke nan haka aka yi. Saboda wannan babin na fara littafin."

Na ajiye wuƙar. Na san mahaifiyarta, na je ta'aziyyarta. Na ce mata, "Na sani, 'yata. Shi ya sa ya fi sauran kyau. Amma mai karatu ba Ummanki ya biyo ba, tauraruwarki ya biyo, kuma kin ajiye shi a bakin asibiti kin tafi." Na ba ta shawarar ta cire dogon ta adana shi yadda yake, kada ta taɓa ko kalma ɗaya, wata rana ya zama littafin kansa da sunan mahaifiyarta a kai. Ta share hawaye ta ce za ta yi tunani. Daren nan ban iya duba ko shafi ɗaya ba. Abban yara ya ga ina ta juyi ya ce, "Ke da ba ko sisi za a ba ki ba, ki bar mata abinta mana." Na ce masa in na bar mata, to me ta kawo shi wurina ya yi?

Ga shi kuma ita ma ana matsa mata. Mijinta ne ya yi alkawarin kuɗin bugu, kuma duk sanda ya je maɗaba'a sai a ce masa takarda ta ƙara kuɗi, don haka kullum tambayarsa ita ce yaushe Malama za ta gama. Masu karatunta na waya su ma suna ta tambaya. Ni kuma ranar Litinin za mu fara jarrabawar ƙarshen zango, aji uku nake ɗauka, takardun yara kusan 180 ke jiran jan biron nan guda. Ledar za ta hau saman kwaba, inda autana ba ya kaiwa, sai an yi hutu.

Shekaranjiya da dare ta turo mini saƙon murya. Ta ce ta zauna da babin, ta rage shi zuwa shafi 22, kuma ko za a yanka ta ba za ta cire wurin da Umma ke raba wa jikoki goro a gadon asibiti ba. Na saurara sau biyu. Wurin goron nan dama ban taɓa sa masa layi ba. Na mayar mata da amsa cewa goro ya zauna, amma ta sauko zuwa sha biyar. Ta ce sha takwas. Muna nan muna ciniki kamar a Kantin Kwari, kuma saura babi tara ban buɗe ba.