Jan Tabkin Minesota: garin da ake kafawa bisa ruwa

Can arewacin Amurka, dab da iyakar Kanada, akwai jahar Minesota, wadda ake yi wa kirari da ƙasar tabki dubu goma. Kirarin ma ya rage mata, domin lissafin hukuma ya nuna tabkuna dubu 11 da 842. Mafi girma cikin waɗanda ke kwance ɗungum a jahar shi ne Jan Tabki, mai faɗin da ya zarce murabba'in kilometa 1000. Kashi biyu ne, na arewa da na kudu, wani ɗan mashigi ya haɗa su. Sanyin wannan yanki ba irin ɗarin da muka sani ba ne: a watan Fabrairu na 1996, a garin Tawar, ma'auni ya sauka har digiri 51 ƙasa da sifili.

Wanda ya baro birnin Bemiji ya nausa arewa, bayan tafiyar kamar awa guda da mota sai ya iso ƙauyen Waskish, a gaɓar tabkin arewa. Da tsakiyar hunturu ba zai ga ruwa ba ko ɗigo. Fili ne fari fat iya ganin ido, an share hanyoyin mota a kansa, ga ɗakuna masu taya birjik, waɗanda manyan motoci suka jawo. Cikin kowane ɗaki akwai murhun gas da gadaje, a daɓen kuma ramuka da aka huda da inji har suka tarar da ruwa. Nan magidanci zai zauna da iyalinsa, ya zura fatsa, yana jiran wani kifi mai daɗin nama da suke kira walai. Tabkin ba shi da zurfi, da ƙyar ya wuce meta 5, shi ya sa yake rigan sauran daskarewa, masunta kuma suke rige-rigen zuwa tun ƙarshen Nuwamba.

A wannan gaggawa hatsarin yake. Ranar 28 ga Nuwamba 2022, iska ta tsaga ƙanƙarar, ta raba mutum wajen 200 da gaɓa, sai da aka girka ƴar gada kafin a fiddo su. Ranar 29 ga Disamba 2023 abin ya sake faruwa, aka ceto mutum 122. Kafin masu ceto su iso, wasu sun gwada ƙetarar da mutane da ƙaramin kwalekwale, huɗu suka faɗa ruwa, Allah ya yi da sauran kwanansu. Daga nan hukumar gundumar Beltrami ta hana motoci hawa tabkin na wani lokaci. Hunturun nan na 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a jahar.

Ma'aikatar kula da albarkatun ƙasa ta jaha ba ta auna kaurin ƙanƙara, ba ta kuma ba kowa tabbacin cewa wuri kaza ya yi ƙwari. Abin da take yi shi ne ta ba jama'a ma'auni: in sabuwar ƙanƙara mai garai-garai ba ta kai santimeta 10 ba, kada a taka, moton ƙanƙara na bukatar 13 zuwa 18, ƙaramar mota kamar 25, babbar mota mai jan ɗaki kuwa sai 50. In ƙanƙarar fara ce, wadda ta cuɗanya da dusa, ƙarfinta rabi ne, sai a ninka lissafin. Ana so mai tafiya ya riƙa hudawa yana aunawa duk bayan meta 45, ya sa rigar da ke hana nutsewa, ya rataya ƙusoshi biyu masu mariƙi a wuya, ya kuma shaida wa na gida inda ya nufa.

Ga wanda ya rufta, wani malamin jami'ar Manitoba ta Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin cikin lissafi mai sauƙin riƙewa: minti 1 na shawo kan numfashi, minti 10 kafin hannuwa su sandare, awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Sai mutum ya juya ta inda ya fito, tun da nan ce ta ɗauke shi ɗazu, ya kafa ƙusoshin, ya harba ƙafafu, ya haye rub da ciki, sa'an nan ya mirgina nesa da ramin ba tare da ya miƙe ba.

Amma fa kifin da ake wannan kasada dominsa ya kusa ƙarewa. Tabkin kudu duka da fiye da rabin na arewa mallakar al'ummar Ojibwe ne, ƴan asalin wurin, waɗanda ke sana'ar su tun 1917. Sauran na hannun jaha. Kamun da ya wuce kima daga ɓangarorin biyu ya durƙusar da walai cikin shekarun 1990. A 1997 masuntan Ojibwe da kansu suka kaɗa ƙuri'ar jingine tarunansu, ko da yake da su suke ci da iyali. A 1999 al'ummar da jaha da gwamnatin tarayya suka sa hannu kan yarjejeniya, aka hana kamun walai kwata-kwata, aka zuba miliyoyin ƴaƴan kifi a 1999 da 2001 da 2003. Masu masauki da masu shaguna na Waskish sun ji jiki, amma a 2006 aka sake buɗe tabkin, kifi ya dawo. Tun daga nan, kafin a tsaida adadin da kowa zai tafi da shi gida, sai an ji ta bakin wani kwamitin mazauna yankin.

Hannun jama'a bai tsaya ga shawara ba, ya kai har aljihu. A Nuwamba 2008, cikin ƙuri'ar raba gardama, kashi 56 cikin 100 na masu zaɓe suka amince a ƙara musu harajin saye: kayan dalar Amurka 800, a ɗora 3, daga 2009 har 2034. An rubuta rabon kuɗin cikin kundin tsarin mulkin jaha don kada wata gwamnati ta karkatar da su: kashi 33 na daji da namun dawa da kifi, kashi 33 na tsabtar ruwa, saura na wuraren shaƙatawa da al'adu. Majalisar da ke ba da shawara kan kason daji mutum 12 ne, 8 daga cikinsu ba ƴan majalisar dokoki ba ne. Haka kuma hanyoyin moton ƙanƙara, kimanin kilometa dubu 35, galibinsu ƙungiyoyin sa-kai ke gyara su da tallafin jaha. Dokar 2023 da ta sa tarar dalar Amurka 100 ga mai barin shara bisa ƙanƙara, ita ma daga koke-koken mazauna bakin tabkuna ta taso.

Abin lura a nan, masu karatu, shi ne yadda aka raba nauyi. Ransa da ƙafarsa, kowa shi ke tsaron abinsa, domin ba jami'in da zai auna masa inda zai taka. Kifi da ruwa kuwa na kowa ne, don haka kowa ya biya, kowa kuma yana da bakin tambaya. Ma'aikacin da ya karɓi kuɗin ya san cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Cikin watan Maris doka ke tilasta a janye ɗakunan nan kafin ƙanƙara ta saki, garin ya watse, ruwa ya koma ruwa har wani hunturun.