Shirin Zuwa Tafkin Pidong Cikin Hunturu

Wata rana muna koyar da labarin ƙasa a aji shida, muka gaya wa yara cewa a Jihar Filato akwai tafki a bisa dutse. Suka yi dariya. Ba mu ga laifinsu ba, gama tafkin da suka sani shi ne na Kalmalo, nan kusa da Illela, shi kuwa a kwari yake kamar kowane ruwa. Wani yaro ya ce, "Malam, ruwa ai gangara yake yi. Ƙaƙa zai hau dutse ya zauna?" Daga wannan tambaya shawarar tafiya ta fito. Dattawan ekklesiya sun yarda mu tafi da yara goma cikin hutun Kirsimeti, mu da uwargida da wani malami.

Sunan tafkin Pidong. Yana gundumar Ampang ta Yamma a Ƙaramar Hukumar Mangu, ƙasar Mwaghavul, ba nisa da Kerang. A zamanin dā dutsen mai aman wuta ne. Da wutar ta mutu, sai bakinsa ya zama babban rami kamar ƙwarya, ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suka taru a ciki. Daga Illela zuwa can ya fi kilomita 700, ta Sakkwato, Gusau, Funtuwa, Zariya da Jos.

Amma ba nisan ne ya fi damunmu ba, sanyi ne. Mu mutanen ƙasar Sakkwato mukan yi tsammani mun san hunturu. Mun san hazo da ƙura da fasau, amma ƙasarmu ba ta da tudu, tsayinta bisa teku wajen mita 300 ne kawai. Jos kuwa ta kai wajen mita 1,200. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6. Saboda haka daren da muke jin daɗin bargo ɗaya a Illela, a Filato yana iya sauka kusa da digiri 10, ga iska kuma a kan duwatsu ba abin da ke tare ta.

Mun koyi wannan da wuya. Shekara shida da suka wuce mun kai samari takwas wani taro a Jos cikin Disamba. Kowa ya zo da tabarma da zane ɗaya. Aka sauke mu a wani aji mai daɓen siminti. Da dare ya raba, sanyi ya hana barci, sai samarin suka samo kasko da gawayi, suka hura, suka rufe ƙofa da tagogi. Mun gani, ba mu kuwa hana ba, gama mu ma muna rawar ɗari. Da asuba mai gadi ya buga ƙofa, ya iske mu duka da ciwon kai, biyu suna amai, ɗaya ba ya iya tsayawa. Daga baya ma'aikacin asibiti ya bayyana mana cewa gawayi yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum cikin barci. Laifin namu ne. Ba mu shirya tufafi ba, sai muka nemi ɗumi ta hanyar da ta kusa hallaka 'ya'yan mutane.

Don haka bana muka fara shiri tun watan Oktoba. Mun shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Illela, muka sayo wa kowane yaro rigar sanyi da hula mai rufe kunne da safa biyu. Mun koya musu cewa riguna uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, domin in hawa ya sa gumi sai a tuɓe ɗaya, in an tsaya hutu a mayar. Rigar da ta jiƙe da gumi ita ce ke jawo sanyi a jiki. Kowa zai ɗauki bargo da man kaɗanya saboda leɓe da diddige. Mun hana sabon takalmi, gama yakan yi kanta tun kafin a yi nisa. Kowace Asabar da safe muna taka ƙafa zuwa Kalmalo mu komo, kowa da jakarsa a baya da ruwa lita biyu. Cikin hunturu mutum ba ya jin ƙishi sosai, alhali busasshiyar iska tana shanye ruwan jikinsa. Guzuri kuwa shi ne dabino, gyaɗa, ƙuliƙuli da garin rogo.

Akwai kuma batun hanya. Kowa ya san abin da ya faru a Mangu da Bokkos a 2023 da farkon 2024, da halin hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Ba za mu yi tafiyar dare ba ko kaɗan. Mun rubuta wa 'yan'uwa da ke can, in suka ce kada mu zo, ba za mu tashi ba. In mun isa, za mu fara gaida mai gari, mu roƙi ɗan jagora. Ba yaron da zai shiga ruwan, gama gefen irin wannan tafki yana da gangara, ba mu kuwa san zurfinsa ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana mu barci shi ne yaron nan da ya yi tambayar farko. Yana da amosanin jini, wato sikila. Sanyi da ƙishi da gajiya su ne ke ta da wannan ciwo, ga shi kuwa duka uku suna jiranmu a kan dutsen. Da fari mun cire sunansa. Bai ce kome ba, amma ran Asabar sai ga shi da jakarsa, ya bi mu har Kalmalo. Da yamma mahaifiyarsa ta zo gida. Ta ce, "Malam, tun yana goye ake ce masa zauna, kada ka yi, kada ka je. In da hali, ku bar shi ya ga wannan abu ɗaya da idonsa. In babu, ku gaya masa da bakinku."

Muka kai shi wurin likitan da ke duba shi. Likita bai hana ba, amma ya kafa sharuɗɗa: kada ya fita da sanyin asuba, ya riƙa shan ruwa a kai a kai, ya tafi da magungunansa, mu kuma san asibitin da ya fi kusa tun kafin mu fara hawa. In ciwo ya soma, ko kaɗan ne, a sauko nan da nan.

Sai muka tara yaran duka, muka gaya musu sabuwar doka. Ba za a fara hawa ba sai rana ta ɗaga. Shi ne zai yi gaba, bayan ɗan jagora, ba mai wuce shi. In ya tsaya, kowa ya tsaya. In ya juya, dukanmu mun juya, ko da bakin tafkin yana gabanmu. Waɗansu suka ɓata fuska. Babban cikinsu ya ce, "Malam, wato za mu yi tafiyar kwana biyu mu komo ba mu ga kome ba?" Muka ce, "I, yana yiwuwa. Wanda bai yarda ba, ya faɗa yau, kada ya bari sai a kan dutse." Aka yi shiru. Can sai wannan babban ya ce shi zai ɗaukar masa jaka.

Ya ku iyaye da malamai, da yawa cikinku za su yi tafiya da yara zuwa ƙasashen tudu cikin wannan hutu. Ku sayi tufafi tun da wuri, kada ku kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, ku kuma duba wane ne mafi rauni a cikinku, ku auna tafiyar da ƙarfinsa. Mu dai jakunkunanmu suna ɗaure. Ba mu sani ba ko za mu ga ruwan Pidong bana. Abin da muka alkawarta wa iyaye shi ne, da yardar Allah, yara goma muka karɓa, goma za mu mayar. Ku tuna da mu cikin addu'a.