Wasiƙun da ba su faɗin inda suka fito

Ana tsallaka gadar Tawa a Landan za a hango shi kwance a kogin Tems, launinsa toka-toka da dabbare-dabbare, ya ɗaga bakin igwa sama kamar jiya aka gama yaƙi. Jirgin yaƙin Birtaniya HMS Belfast ke nan. A 1938 aka saka shi ruwa, bai daɗe da kama aiki ba nakiyar Jamusawa ta fasa masa ciki a Nuwamban 1939, ya shafe kusan shekara uku a hannun masu gyara. Da ya warke sai ya rama: da shi aka yi artabun da ya nutsar da jirgin yaƙin Jamus Scharnhorst a Disamban 1943, ya yi luguden wuta a gaɓar Nomandi a Yunin 1944, ya kuma je Koriya. Tun 1971 yake nan a ɗaure, ya zama gidan tarihi.

Hawa tara gare shi, tsaninsa kuwa sai mai sauran gwiwa. Ni dai a na huɗu na nemi wurin zama, kuma a nan Allah ya haɗa ni da wani dattijo Bature mai tara tsofaffin ambulan. Da ya ga ina leƙen jakarsa, sai ya zaro guda, ta wasiƙar wani sojan ruwa a lokacin yaƙi, ya miƙo mini.

Takardar ta yi ja don tsufa. Na juya ta gaba da baya ina neman sunan jirgi, babu. Sunan tashar da aka jefa ta ma babu. Abin da ke gefe ɗan hatimi ne mai siffar dutsen da Turawa ke kafawa a kan kabari, an rubuta cewa daga jirgin Sarki take kuma mai tacewa ya duba, ga sa hannun hafsa da kwanan wata a ciki. Hatimin gidan waya na sama shi ma iyakarsa cewa an karɓo ta daga jiragen Sarki. Matar da ke jira a gida za ta san mijinta yana da rai ran da aka sa hannun nan, amma ko yana cikin ƙanƙarar hanyar Rasha ko wani teku daban, sai Allah. In ita za ta ba shi amsa, sunansa da na jirgin kawai za ta rubuta ta hannun babban gidan waya na Landan, su can su san inda za su same shi.

Wannan tsari ya burge ni fiye da igwa goma sha biyun da kowa ke ɗaukar hoto a gabansu. Mutum kusan dubu a cikin ƙarfe ɗaya, kowa da kewar gida, amma ba a hana su rubutu ba, ba a kuma bar ambulan ta tona asiri ba.

In ka je, ka ware rabin yini, ka kuma sa takalmin da ba ya santsi.