Hulata a cikin jaka

'Yan uwana ɗalibai, wani abu ya faru da ni a bana, na daɗe ina jin nauyin faɗarsa.

Gidanmu yana Nkomkana, makarantarmu kuma tana Briqueterie. Tafiyar ba nisa, amma kafin in iso sai na zama mutum biyu. A Nkomkana hulata tana cikin jaka, Faransanci nake yi da abokan ƙwallo, su ma "Haoussa" suke kirana, kamar yadda ake kiran duk Musulmi a Yaounde, ko Bafulatani ne ko Bamun. Da na jiyo ƙamshin tsiren Brik sai in ciro hular in ɗora, in fara yi wa dattawa sallama da ƙarfi.

Wata rana na je Mokolo aike, na shiga taksi zan dawo. Mu biyar ne fasinja, har da wasu 'yan mata biyu na lise. Sai waya ta yi ƙara, Inna ce. Na ɗauka na ce mata da Faransanci ina hanya, na kashe. Inna kuwa ba ta jin Faransanci sai na cinikin kasuwa. Da na dawo ba ta yi faɗa ba. Tana tankaɗe, ba ta ma ɗago kai ba, ta ce: "Ɗazu na kira lambarka, wani baƙo ya ɗauka." Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da ya ƙara dame ni shi ne, a makon nan Malam yake mana bayanin riya a darasin hadisi. Da ina zaton matsalata kunya ce kawai, ta ɓoye Hausata a waje. Ashe wanda ya cusa hula a jaka saboda idon 'yan lise, shi ne mai tsawaita nafila idan ya ga Malam a bayansa. Duk idon mutane nake kallo.

Ban ce Faransanci laifi ne ba. Da shi aka rubuta takardar haihuwata, da shi nake raka Baba asibiti in fassara masa maganar likita, kuma a ranar yana alfahari da ni. Ba kuma kowane sirrin gida ake kaiwa titi ba. Amma harshen da Inna ta yi mini reno da shi ai ba sirri ba ne.

Yanzu in ta kira ina cikin taksi, nakan ce "Na'am, Inna" yadda kowa zai ji. Har yau sai na ji kunnena ya yi zafi. Ita hular kam, jiya ma sai da na wuce Tsinga na tuna tana cikin jaka.